Motar da ta tafi a kuɗin haya: nazarin wani gida a Kubwa

Gidan da wannan nazari ya shafa yana Kubwa, a bayan garin Abuja, a ɗaya daga cikin unguwannin da ke bayan babban titi. Mutum shida ke kwana a cikinsa. Maigidan ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya da ke sakatariya, yana mataki na 10. Uwargidan tana koyarwa a wata makarantar kuɗi da safe, da yamma kuma ta sayar wa matan unguwa atamfa da turaren wuta. 'Ya'yansu huɗu, babbar tana sakandare, autan bai shiga makaranta ba. Akwai kuma ta bakwai wadda ba ta kwana a gidan amma tana cikin lissafinsa kowane wata, wato mahaifiyar maigidan da ke Zariya, mai fama da hawan jini. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Sun riƙe Toyota Corolla ƙirar 2006 daga shekarar 2019 zuwa farkon 2025, sannan suka sayar. Abin da nake so in bi diddiginsa shi ne yadda aka yi ta suɓuce musu, da inda kuɗinta ya shiga, da kuma mutanen waje da tafiyarta ta taɓa.

Sai an fahimci garin kafin a fahimci motar. An zana Abuja da faffaɗan tituna da unguwanni masu nisa da juna. Ofisoshi suna tsakiyar birni, masu aiki a cikinsu kuwa suna kwana a Kubwa da Nyanya da Lugbe da Gwagwalada, wasu ma a Mararaba da Masaka cikin jihar Nasarawa, ko Suleja cikin jihar Neja. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus ɗin ma'aikata kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati daga baya, ƙaramin ma'aikaci da matsakaici suka koma neman haya inda aljihunsu zai iya, wato bayan gari. A 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni. A 2013 aka kori ƙananan bas-bas ɗin nan da ake kira araba. Manyan motocin safa da aka ce za su maye gurbinsu ba su taɓa wadatarwa ba. Ga kuma 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, waɗanda suka sa macen da ke komawa gida bayan magariba take shiga tasi da addu'a a baki. A irin wannan gari, tsohuwar Corolla ita ce ta ba mai aiki a sakatariya damar zama inda haya ke da sauƙi.

Maigidan ya saye ta ne da kwasar adashin ofis haɗe da bashin ƙungiyar gama kai ta ma'aikata. 'Yar Beljiyam ce, ba a taɓa hawanta a Najeriya ba, kuɗinta naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu. A shekarar 2019 ɗin litar fetur tana naira 145, dala tana wajen naira 360. Bayan sallar asuba ake haramar fita. A sauke yara a makaranta, a sauke uwargida a wurin aikinta, shi kuma ya hau babban titi kafin cunkoson Dutse da Gwarinpa ya kankama. Ranar Asabar a je kasuwa a yi sayayyar wata a sari. Sallah ƙarama da babba kuma a loda kaya a nufi Zariya.

Lissafin lita 150

Daga Kubwa zuwa sakatariya kimanin kilomita 25 zuwa 30 ne. Idan aka haɗa zuwa da dawowa da zagayen makaranta, motar tana cin wajen kilomita 60 a rana. Tsohuwar Corolla a cikin cunkoso takan yi kusan kilomita goma da lita ɗaya, ke nan lita shida kullum. A ranakun aiki 22, da ɗan yawon ƙarshen mako, wata ɗaya yana cinye lita 150.

A farkon 2023, da lita tana wajen naira 195 a Abuja, wannan bai kai naira dubu 30 ba. Ranar 29 ga Mayu, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a Dandalin Eagle cewa tallafin mai ya ƙare, kuma cikin kwana biyu gidajen man NNPC a Abuja suka koma naira 537. A watan Yuli aka kai 617, lita 150 ɗin nan ta zama sama da naira dubu 92. A Satumbar 2024 aka koma 897, a Oktoba kuma 1,030, wato kusan naira dubu 155 a wata. Cikin wata goma sha bakwai kuɗin man gidan ya ninka fiye da sau biyar, alhali nisan Kubwa da sakatariya bai ragu da taku ɗaya ba.

Ba a ce albashi bai motsa ba. An ba ma'aikatan tarayya ƙarin naira dubu 35 na wucin gadi daga Satumbar 2023, an amince da ƙarin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari a 2024, sannan a Yulin 2024 ɗin mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70. Amma ba mota kaɗai ke jiran wannan ƙari ba. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashin abinci sama da kashi 40 cikin ɗari. Buhun shinkafa ya haura naira dubu 80. Makarantar yara ta ƙara kuɗi saboda ita ma tana sayen dizal. Maganin hawan jinin Hajiya, wanda daga waje ake shigo da shi, ya bi dala sama. Duk wata buƙata a gidan tana da mai kuka a kanta idan ba a biya ba, in ban da motar. Ita ce ba ta magana, don haka ita aka fara ragewa.

Da farko maigidan ya koma fita da ita kwana uku a mako, sauran kwana biyun ya bi motar haya. Wannan bai yi tsawon rai ba, domin kuɗin motar hayar ma ya ninka, ga yara da uwargida da sai an sa musu kuɗin keke daban. Sai ya shiga abin da dubban ma'aikatan Abuja suka shiga, wato kabu-kabu a hanyar aiki. Ya tsaya a bakin titi da safe ya ɗauki mutum huɗu masu zuwa Berger ko sakatariya, da yamma ya kwaso wasu. Fasinjoji suna son irinsa, saboda katin aiki da ke rataye a wuyansa yana kwantar musu da hankali cewa ba ɗan wan-cans ba ne. Kuɗin da yake samu yana rufe mafi yawan man rana. Sai dai akwai abin da ba ya shiga wannan lissafi. Akwai 'yan kamasho da ke ganin ya shigo musu gona, akwai jami'an da ke kama motar gida idan ta yi lodi, akwai kuma nauyin zuciya na ranar da ƙaramin ma'aikacin ofishinsu ya shigo ya miƙo masa kuɗin mota. Mafi muhimmanci, mutum biyar kullum a kan shokazoba da tayoyin da suka riga suka gaji yana da farashi, sai dai ba a ranar ake biya ba.

A nan ne, a ganina, aka rasa motar, tun kafin a yi maganar sayarwa. Juyen baƙin mai da ake yi duk wata uku ya koma duk wata shida, kuma da mai araha. Taya ta suɗe, aka sayi ta hannu wadda wa'adinta ya wuce. Lagireto ya fara yoyo, aka koma yawo da jarkar ruwa a but. Fitilar gargaɗi ta kunna a gaban sitiyari, aka saba da ganinta. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ta tashi daga naira dubu 5 zuwa dubu 15 tun Janairun 2023, aka bar ta ta ƙare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari yana da hujja a ranar da aka yanke shi, domin kuɗin juyen mai ya tafi ne a kuɗin jarrabawa ko maganin Hajiya. Amma jimillarsu daidai take da manomin da yunwar bazara ta sa ya fara auna irin shukarsa yana kaiwa tukunya.

A ƙarshen 2024 injin ya buga a kan babban titi, wajen Dawaki. Bakaniken da ke duba ta tun ranar da aka saye ta ya buɗe ya girgiza kai. "Yallaɓai, tun bara nake roƙonka a kan lagireton nan. Da an canza shi a lokacin, da ba mu zo nan ba." Abin da ya rage shi ne a nemo injin Beljiyam a Zuba ko Apo, kuma farashinsa ya riga ya bi canjin dala. Tun ranar 14 ga Yunin 2023 da Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 har ta zauna sama da 1,500. Maigidan ya sake komawa ƙungiyar gama kai, aka ba shi bashi, aka fara zara daga albashinsa tun kafin ya shigo hannu.

Bai gama numfasawa ba mai gidan haya ya aiko da takardar ƙari. A Abuja kuɗin shekara ake biya a dunƙule, kuma takardar ta zo daidai da kuɗin makaranta na zango na biyu. Uwargida ce ta fara furta abin da dukkansu suke tunani. "Malam, mota ana sayen wata. Idan aka watsa mana kaya waje da yaran nan, ina za mu sa kanmu?" Shi abin da ya fi damunsa Hajiya ce, da daren da za a kira shi daga Zariya a ce jikinta ya tashi. Da ya gaya wa Hajiyar a waya, cewa ta yi ya rufa wa iyalinsa asiri, ita Allah na nan.

Ribar da ba riba ba

Dillali ya kawo mai saye, aka daidaita a naira miliyan huɗu da rabi. Abokan aiki suka taya shi murna cewa ya hau mota shekara biyar da ɗoriya kuma ya sayar da ita ninki biyu. Wannan shi ne ruɗin da ya fi cutar da gidaje irin nasa, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. A 2019, miliyan biyu da dubu ɗari biyu sun haura dala dubu shida. A 2025, miliyan huɗu da rabi dala dubu uku ne. Irin motar da ya sayar, idan 'yar Beljiyam ce, da dala ake sayo ta daga Amurka ko Turai, da dala ake biyan jirgin ruwa, kuma kwastan na lissafa harajinta da canjin ranar. Canjin da kwastan ke amfani da shi ya tashi daga naira 422 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Tun Janairun 2017 kuma an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da ta daɗe tana sauƙaƙa wa 'yan Arewa. Saboda haka kuɗin da ya karɓa ba zai maido masa da irin abin da ya saya a 2019 ba, ko da ya juya a ranar ya koma wurin dillalai.

Balle ma kuɗin bai zauna ba. Dillali ya cire la'adarsa. Haya ta ɗauki kaso mafi girma. Aka biya bashin injin don a saki albashi, aka biya makaranta, aka saya wa Hajiya maganin wata uku, aka ajiye buhun shinkafa da na masara. Abin da ya yi saura, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, aka ƙara wa uwargida jari. Wannan kaso ne kaɗai ya ci gaba da haihuwa. Sauran duk ya tafi a buƙatun da za su sake dawowa baɗi, lokacin da babu wata motar sayarwa.

Ban ga laifinsu a sayarwar ba. Inda nake ganin an yi asarar da za a iya kaucewa shi ne jinkirin. Da sun zauna a tsakiyar 2024 sun rubuta abin da motar ke ci a wata, mai da gyara da takardu, suka gwada da abin da ke shigowa, da sun sayar da ita da lafiyarta, ba tare da bashin inji ba, kuma da mafi yawan kuɗin ya zama jari. Abin da ya hana su zaman shi ne kunya. A wajenmu mutumin da aka saba gani a mota, ranar da aka gan shi tsaye a bakin titi, magana ce a unguwa da wurin ɗaurin aure. Gidaje da yawa suna biyan kuɗi mai yawa don gudun wannan magana.

Wanda ya sayi motar matashi ne da zai sa ta a Bolt, wato hayar da ake kira ta manhajar waya. Wannan ma abin lura ne. Motocin ba ɓacewa suke yi daga titi ba, suna tashi ne daga hannun iyali zuwa hannun 'yan haya, inda za a tuƙa su ninkin-ba-ninkin abin da suka saba, su ƙarasa tsufa da wuri.

Su wa kuma suka yi rashi? Bakaniken ya rasa kwastoman da ke zuwa masa a kai a kai, kuma a garejinsu irin wannan labari ya zama ruwan dare, har yaran da ke koyon aiki sun fara watsewa zuwa tuƙin keke. Mai faci a bakin layi, da yaron da ke wanke ta ranar Lahadi, da mai kayan gyara a Zuba, kowa an rage masa wani abu. Sayayyar sari ta wata-wata ta tsaya, saboda babu abin ɗauko buhu, aka koma awon mudu a shagon unguwa, wanda ya fi tsada. Tafiyar Sallah ta iyali duka ta koma tafiyar maigida shi kaɗai a motar haya, kuma doya da lemo da tsiren da ake tsayawa saye a Tafa da Jere da Kateri suka rasa mai saye ɗaya. Uwargida ta daina kai kaya Gwarinpa da Life Camp, inda kwastomominta masu biya nan take suke, saboda kuɗin zuwa ya cinye ribar.

Idan aka tara irin wannan gida dubu-dubu, sai a ga hoton ƙasa. Alƙaluman hukumar da ke kula da rarraba mai sun nuna cewa fetur ɗin da ake fitarwa a rana ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50 bayan cire tallafi. Wani ɓangare na wannan raguwa fasa-ƙwauri ne da ya ragu, kuma wannan alheri ne. Wani ɓangaren kuwa motoci ne da aka lulluɓe da tamfol, da tafiye-tafiyen neman abinci da aka fasa. A 2023 jihohin Kwara da Edo sun rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako saboda kuɗin mota, kuma a Abuja ma'aikata da yawa sun yi wa kansu irin wannan rangwame ba tare da sanarwa ba. Aikin da za a gama a mako ɗaya ya koma biyu. Motocin da suka rage a titi kuma suna ƙara tsufa a kan tayoyin hannu da birkin da aka ɗaga gyaransa, abin da ƙarshensa asibiti ne.

Abin yana da tarihi mai ciwo. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma a wancan zamani malamin makaranta ko akawu yana iya karɓar bashin mota daga gwamnati ya fito da sabuwar 504. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma Beljiyam. Yanzu Beljiyam ɗin ma ta fi ƙarfinsa, an koma ta hannu, wasu kuma sun fita daga sahun gaba ɗaya. Mahaifin wannan maigida ya yi ritaya da mota a ƙofar gida. Ɗansa, da ya fi shi takardun karatu, yana shakkar ko zai sake mallakar wata. A ƙarshen 2023 ɗin nan ne kuma jaridu suka ruwaito cewa an saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci da kowace ta kai kimanin naira miliyan 160. Mutumin da ke lissafin lita shida ya karanta wannan labari, kuma yana da haƙƙin jin zafinsa.

Ba ina cewa a dawo da tallafi yadda yake a da ba. A 2022 ya laƙume sama da naira tiriliyan huɗu, kuma mai motoci biyar ya fi mai Corolla ɗaya cin moriyarsa. Kuskuren shi ne an cire shi kafin a tanadi abin da ma'aikaci zai hau. Hanyoyin da aka buɗe daga baya duk maigidan ya leƙa su. Shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG yana rage kuɗin mai ƙwarai, amma a lokacin kuɗin sa tukunyar ya kai wajen naira miliyan ɗaya ga mai motar gida, gidajen sayar da iskar kaɗan ne, layinsu kuma dogo. Jirgin ƙasan cikin birni da aka farfaɗo da shi a Mayun 2024 yana da tasha a Gbazango, kusa da su, har an yi ta ɗaukar mutane kyauta, sai dai sai an sauya jirgi a Idu, zirga-zirgarsa kaɗan ce a rana, kuma ba ya kai yara makaranta. Bashin banki kuwa, da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ba abin kusanta ba ne, ko da mutum bai guji riba don addini ba. Bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ suna saya wa mutum mota su sayar masa da biya a hankali, amma biyan wata-wata na motar da ta kai miliyan takwas ya fi ƙarfin albashin mataki na 10. Abin da zai fi amfanar wannan gida shi ne manyan motocin safa masu yawa, masu tashi a kan lokaci daga Kubwa da Nyanya da Lugbe, da kuma dokar da za ta ba ɗan haya damar biya wata-wata.

A 2025 farashin fetur ya ɗan sauko ƙasa da naira dubu bayan matatar Dangote ta shigo kasuwa sosai, amma wannan bai canza lissafin gidan ba. An mayar da yara biyu wata makaranta da za su iya zuwa da ƙafa. Babbar tana bin motar maƙwabci, ana ba shi gudummawar mai duk mako. Maigidan yana fita kafin gari ya waye don ya samu mota a bakin titi, kuma sau da yawa wadda ke tsayawa ta wani ma'aikaci ce da har yanzu yake matakin kabu-kabu. Ya shiga sabon adashi a ofis. Da farko ya ce na mota ne, amma uwargida ta riga ta gaya masa cewa kwasar farko ta kuɗin hayar baɗi ce, kuma bai musa ba.